Yadda za ka saurari faɗuwar taurari da rediyo

Ruwan taurari, wato lokacin da taurari suke faɗuwa da yawa a jere, mafi shahara a shekara guda biyu ne, kuma dukansu sukan zo mana a lokacin da samaniyarmu take rufe. Na Perseids yakan kai ƙololuwa a daren 12 zuwa 13 ga Agusta, tsakiyar damina, hadari ko'ina. Na Geminids kuwa 13 zuwa 14 ga Disamba ne, lokacin da hazon hunturu yakan dushe taurari. Wanda ya dogara da ido kaɗai sai ya kwana a waje bai ga abin kirki ba. Rediyo ba ruwansa da gajimare ko ƙura ko hasken wata, har da rana tsaka yana aiki. Saboda haka nake ganin wannan fanni na nazarin samaniya ya dace da mu ƙwarai, ga shi kuma kayan aikinsa ba su fi ƙarfin ɗalibi ba.

Abin da za ka ji, da dalilinsa

Abin da muke gani ya keta sama da dare mu ce tauraro ya faɗi, yawanci tsakuwa ce da ba ta wuce ƙwayar yashi ba. Takan shigo iskar duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa ɗaya, ta ƙone ƙurmus tun tana tsakanin kilomita 80 da 120 daga ƙasa. Jefi-jefi ne babba yakan tsira ya iso ƙasa, irin dutsen nan mai nauyin kilo 18 da ya faɗo kusa da Zagami a ƙasar Katsina ranar 3 ga Oktoba 1962, wanda bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito. Mu da ƙananan muke.

Yayin da tsakuwar take ƙonewa, zafin yakan fizge lantarkin da ke jikin ƙwayoyin iska, sai ta bar wani dogon sawu mai ɗauke da caji a bayanta. Wannan sawun yana mayar da igiyar rediyo kamar yadda yaro yakan tari hasken rana da madubi ya cilla shi cikin ɗakin da rana ba ta shiga. Tashar FM da ke Legas ba ta isa Kano, domin siginarta a miƙe take tafiya, doron ƙasa kuma ya lanƙwashe ya tare ta. To idan sawun ya samu a sama tsakanin biranen biyu, siginar takan bugi sawun ta gangaro, sai wanda ke Kano ya ji rabin kalma ko ɗan guntun kiɗa, kafin ƙiftawar ido ya ɓace. Ita kanta tsakuwar ba ita kake ji ba. Tashar nesa kake ji, tsakuwar ce ta buɗe mata hanya.

Wannan sani ya girmi yawancinmu. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, James Stanley Hey da abokan aikinsa a Ingila suna neman rokokin V-2 na Jamus da na'urar rada, suka riƙa samun wasu gajerun amsa-kuwwa da ba na roka ba, daga bisani suka tabbatar sawun tsakuwar sama ne. A 1947 masu bincike a cibiyar nazarin samaniya ta Jodrell Bank a Ingila suka gano ruwan taurarin Arietids, wanda yake sauka bayan fitowar rana, ba don rediyo ba da ba a san girmansa ba.

Mataki na farko, wanda shi ne rabin aikin: nemo mita

Kada ka sayi komai tukuna. Mutane da yawa sukan fara da sayen kaya, su ƙare da cewa abin ba ya aiki, alhali mitar da suka tsaya a kai ce ba ta dace ba.

Idan ka shiga intanet, kusan duk jagorar da za ka tarar za ta ce ka kama 143.050 MHz, wato radar GRAVES da ke kusa da Dijon a Faransa, ko 49.97 MHz, tashar da masu binciken BRAMS suka kafa a Dourbes ta Beljiyam. Shawara ce mai kyau ga mutumin Turai. Mu ba ta yi mana, domin tunda sawun yana wajen kilomita 100 ne a sama, iyakar tazarar da zai iya haɗawa ba ta wuce kilomita 2,000 da 'yan kai ba, Dijon kuwa ta kusa kilomita 4,000 daga Kano. Ko ka kwana shekara a kan mitar, shiru za ka ji.

Abin da muke da shi a yalwace shi ne zangon FM, daga 87.5 zuwa 108 MHz. Mitar da kake nema sai ta cika sharuɗɗa uku a lokaci guda. Dole ta zama fayau a inda kake, ba komai sai "shuuu". Dole a samu tasha mai ƙarfi da ke watsa shiri a kanta a wani gari mai nisan kilomita 600 zuwa 1,500 daga gare ka. Sannan kada wata tashar garinku ta matso kusa da ita. A samu ratar aƙalla 0.3 MHz ta kowane gefe, in ba haka ba muryarta za ta riƙa malalowa. Ga mutumin Kano, Yamai da Njamena kowanne yana wajen kilomita 700, Legas da Fatakwal sun ɗan haura 800, Yawunde ta kusa 1,000, Akara kuma wajen 1,200. Dukansu suna cikin tazarar da ake so. Abuja ta yi kusa da yawa, ana iya jin ta ta wasu hanyoyin da za su rikita maka lissafi. Wanda ke Damagaram ko Kumasi ko Garwa sai ya auna nasa a taswirar waya.

Ka zauna da rediyo da takarda, ka bi zangon daga farko zuwa ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta duk gurbin da babu kowa. Ka yi haka da safe, ka sake da dare, domin wata tashar tana kulle ne lokacin da ka wuce. Daga nan ka duba jerin tashoshin waɗancan birane, shafin FMLIST yana taimakawa, ka ga wacce ta faɗo cikin guraben da ka rubuta.

Akwai sharaɗi na huɗu da jagororin waje ba sa kawowa, domin ba matsalarsu ba ce. Tashoshinmu da yawa sukan rufe da tsakar dare su buɗe da asuba, wasu kuma rashin wuta yakan ɗauke su. Lokacin da tsakuwoyin suka fi yawa kuwa shi ne daga tsakar dare zuwa hantsi. Don haka ka nemi tashar da ke aiki dare da rana. Idan kana da ɗan'uwa ko aboki a wancan garin, ka roƙe shi ya kunna maka da ƙarfe uku na dare ya ji ko tana nan. Ya fi duk wani jeri na intanet tabbas.

A nan mutumin ƙauye ya fi na birni sa'a. Zangon FM a manyan birane ya cika maƙil, kayan lantarki kuma suna ta zuba hayaniya. Wanda ke nesa da gari zai samu gurabe da yawa da kuma shiru.

Mataki na biyu: na'urar kamawa

Hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce rediyon da ke nuna mita da lambobi, wanda kuma yake da wurin jona eriyar waje. Rediyon mota ya fi yawancin na gida kunne, ana samun na hannu wurin masu gyara, batir mai bolt 12 ya ishe shi. Rediyo mai allura ba zai yi ba, domin ba za ka san takamaimai inda ka tsaya ba, kuma yakan zame. Ka sa shi a mono. Idan yana da tsarin yin shiru in babu tasha, ka kashe, domin wannan "shuuu" ɗin ita ce shimfiɗar da za ka ji komai a kanta.

Hanya ta biyu, wadda na fi so ga mai niyyar daɗewa, ita ce RTL-SDR. Ƙaramar na'ura ce da ake sokawa a kafar USB. Asalinta don kallon talabijin aka yi ta, sai wajen 2012 masu ƙwaƙwa suka gano za ta iya zama rediyo mai kama daga kimanin 24 zuwa sama da 1,700 MHz. A Windows za ka fara da manhajar Zadig don kwamfuta ta gane ta, sannan ka ɗora SDR# ko HDSDR ko SDR++. A Linux akwai GQRX. Wayar Android ma tana ɗauka ta hanyar wayar OTG. Duk waɗannan na kwamfuta kyauta ne. Fa'idarta ita ce ido yana taya kunne: allon yana nuna maka faɗin kusan 2 MHz a lokaci ɗaya, don haka kana iya sa ido kan gurabe biyu ko uku tare.

Saitinta ba wuya. Ka zaɓi WFM, wato tsarin kama tashoshin FM, ka kashe AGC, mai daidaita ƙarfin karɓa da kansa, ka ɗaga ƙarfin karɓa da hannu sannu a hankali. Da ka ga layin hayaniya ya fara tashi, ko ka ga tashoshin garinku sun fara ɓullowa a wuraren da ba nasu ba, ka dawo baya kaɗan ka tsaya. Ƙure ƙarfi ba ya ƙara komai sai ruɗu.

Mataki na uku: eriya

Da hannunka za ka yi ta. Mafi sauƙi ita ce mai hannu biyu. Ka raba 143 da mitarka, abin da ya fito shi ne tsawonta gaba ɗaya a awon mita. Misali a 98 MHz ya kama santimita 146, kowane hannu 73. Ka yanko jan ƙarfe mai kauri ko siririn bututun alminiyon guda biyu, ka ɗaure su a kan katako a layi ɗaya, da ratar santimita ɗaya ko biyu a tsakani. Ka kawo wayar dish, RG-6, ka haɗa zaren tsakiya da hannu ɗaya, ragar waje da ɗayan. Dab da mahaɗar ka naɗe wayar zagaye huɗu ko biyar, faɗin kamar santimita 10, ka ɗaure. Wannan yana rage hayaniyar da ke biyo bayan waya.

Wannan ta isa a fara. In kana son ƙarin ƙarfi, ka mayar da ita Yagi mai sanda uku. Ka sa sanda guda mai santimita 153 a bayanta, wata mai 139 a gabanta, kowace da ratar wajen santimita 50 zuwa 60, a kan katako ɗaya. Waɗannan biyun ba a jona su da komai. Ɓangaren gajeriyar sandar shi ne gaba, shi za ka nuna wa garin da tashar take, ka ɗan ɗaga kan sama kaɗan, kamar digiri 10 zuwa 15 idan tazarar wajen kilomita 800 ce, ƙasa da haka idan ta fi nisa. Kamfas ɗin waya zai ba ka alƙibla. Ban ba da shawarar eriya mai sanduna da yawa ba, domin tana matse ganinta, sawun da suka fi amfani kuwa sukan samu ne a gefe da gefen layin da ya haɗa ka da tashar. Ka gwada ta a kwance, ka gwada a tsaye, ka bar ta yadda ta fi kawowa.

Ba sai ta yi tsawo ainun ba, mita uku zuwa biyar daga ƙasa ya wadatar. Abin da ya fi tsawo muhimmanci shi ne nisanta da inbata, da na'urar cajin sola, da cajar waya mai araha, da ƙwan fitila na zamani, da janareta. Waɗannan su ne manyan maƙiyan wannan aiki a gidajenmu. Gwajin mai sauƙi ne: kana kallon allo ko kana sauraro, ka riƙa kashe su ɗaya-ɗaya, wanda ka kashe hayaniya ta ragu shi ne mai laifi. Kwamfutar ma in ta koma kan batirinta takan fi shiru.

Ka kiyayi wayar wuta lokacin ɗaga sanda. Da damina, da zarar hadari ya haɗo ka cire wayar eriya daga na'ura ka fitar da bakinta waje. Ka lulluɓe mahaɗa da tef kada ruwa ya shiga. Kuma a halin tsaron da ake ciki, ya kyautu ka sanar da maƙwabta da mai unguwa abin da kake yi tun kafin a fara tambaya. Sauraro kawai kake yi. Watsa sigina sai da lasisin hukuma, ba ya cikin wannan aikin.

Mataki na huɗu: zaman farko

Ka zaɓi asuba. Dalilin yana cikin tafiyar duniya: tana zagaya rana da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa, kuma ɓangaren da gari ke wayewa shi ne yake fuskantar gaba, shi yake karo da tsakuwoyin. Da magariba muna baya, sai wadda ta fi mu gudu ce za ta cim mana. Shi ya sa a ranar da babu wani ruwan taurari, adadin yakan fi yawa wajen ƙarfe shida na safe, ya yi ƙasa wajen shida na yamma.

Ka sa abin kunne, ka zauna awa guda cur ba tare da taɓa komai ba. Yawancin abin da za ka ji bai kai daƙiƙa ɗaya ba: "shuuu" ta yanke farat ɗaya, gaɓar kalma ta faɗo, "shuuu" ta dawo. Waɗannan na ƙananan tsakuwoyi ne, sawunsu yakan watse nan take. Can ba a rasa ba babba zai zo, ka ji jimla sukutum na tsawon daƙiƙa biyar ko goma ko fiye, tana rawa tana hawa da sauka saboda iskar can sama tana murɗe sawun. A FM amon gajere ne bisa ɗabi'a, domin in mita ta ninka, daɗewarsa takan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya ɗauki daƙiƙa guda a 50 MHz, a 100 MHz rubu'in daƙiƙa ne.

Alamar tsakuwa ita ce shigowa ba sallama da gushewa da sauri. Akwai abubuwan da ke kwaikwayonta. Jirgin sama yana mayar da sigina, amma tasa takan taso a hankali, ta yi fiffika, ta tafi a hankali cikin rabin minti ko fiye. Walƙiya ƙara ce kawai, "ƙaras", babu murya a ciki. Wani lokaci kuma yanayin iska ko wani gajimaren caji a sama yakan buɗe hanya, tashar nesa ta zauna daram na mintoci ko awanni. Irin wannan awa ba a ƙirga ta, sai ka rubuta cewa hanya ta buɗe. Tana da amfaninta dai, domin a lokacin ne za ka ji sunan tashar ka tabbatar da wadda kake kamawa.

Idan ka yi asuba uku ko huɗu ba ka ji komai ba, kada ka zargi na'ura tukuna. Ka koma jerinka ka ɗauki mita ta gaba.

Mataki na biyar: ƙirga da rubutu

Jin amo ɗaya abin murna ne, amma hujja tana cikin ƙirga. Kunne ba zai iya kwana yana sauraro ba, don haka ka naɗi sautin da manhajar Audacity, ka duba hotonsa daga baya. Ka lura da wani abu da ke ruɗar sabon shiga: a FM hayaniyar ta fi muryar tasha ƙara, don haka sau da yawa tsakuwa takan bayyana a hoton a matsayin ɗan gurbi inda kaurin layin ya tsuke. Da ka saba da kamanninta, sai ka koma manhajojin da ke ƙirga da kansu, irin su Spectrum Lab ko Echoes ko Radio-SkyPipe, kana gwada ƙirgarsu da taka har ka yarda da su.

A littafinka kowace awa ta samu layinta: kwanan wata, awa, adadi, guda nawa suka wuce daƙiƙa goma, sai bayani, kamar an ɗauke wuta ko an yi tsawa. Ka rubuta lokaci da agogon UTC, wato agogon GMT. Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gabansa da awa ɗaya, Ghana daidai take da shi, Sudan tana gaba da awa biyu. A shafin farko ka rubuta mita, irin eriya, alƙiblarta da saitin na'ura, sannan ka bar su yadda suke. Ranar da ka canza ko ɗaya, lissafin jiya da na yau sun daina kwatantuwa.

Bayan mako guda ka zana adadin awa-awa. Idan zanen ya tashi da asuba ya kwanta da magariba, kuma ya maimaita haka kowace rana, to tsakuwar sama kake kamawa, babu tantama. Jirage da inbata ba sa bin wannan tsari. Wannan makon shi ne ma'auninka, da shi za ka gane ruwan taurari idan ya zo.

Sukan zo a kan lokaci, domin duniya tana ratsa turbar ƙurar da tauraruwa mai wutsiya ta bari a wuri ɗaya kowace shekara. Quadrantids 3 zuwa 4 ga Janairu, gajere ne, awanni kaɗan. Lyrids wajen 22 ga Afrilu. Eta Aquariids, 5 zuwa 6 ga Mayu, ƙurar tauraruwa mai wutsiya ta Halley ce, kuma mu da ke kusa da tsakiyar duniya mun fi Turai samunsa domin mafitarsa, wato wurin da ake ganin kamar daga nan taurarin suke ɓullowa, takan hau sama sosai a wurinmu. Arietids wajen 7 ga Yuni, bayan fitowar rana. Perseids daga tauraruwa mai wutsiya ta Swift-Tuttle yake. Orionids wajen 21 ga Oktoba, shi ma na Halley. Leonids wajen 17 ga Nuwamba daga Tempel-Tuttle, masu tsananin gudu ne. Geminids kuwa daga wani dutsen sama mai suna 3200 Phaethon ya samo asali. A daren Geminids kada ka yi mamaki idan adadi ya ɗan sauka wajen ƙarfe biyu na dare, lokacin da mafitarsa ta fi hawa sama. Kwanciyar sawun ce ba ta dace da mayar da sigina ba a wannan lokacin, kafinsa da bayansa sun fi kawowa.

Ka fara naɗi kwana biyar kafin ranar ƙololuwa, ka ci gaba kwana biyar bayanta. Idan lissafinka ya yi 'yan watanni a tsaye ba yankewa, akwai shafin RMOB, inda masu sauraro suke tara ƙirgarsu ta wata-wata ta manhajar Colorgramme, da kuma IMO, ƙungiyar masu nazarin faɗuwar taurari ta duniya da aka kafa a 1988, mai fitar da jadawalin ruwan taurari kowace shekara. Mafi yawan masu aika ƙirga suna Turai da Japan da Amurka ne, don haka tasha mai ɗorewa daga Sakkwato ko Maraɗi ko Tamale za ta kawo bayani daga sashen samaniyar da ba a cika saurare ba. Kafin ka aika, ka tanadi bayanin wurinka, mitarka, garin da tashar take da irin eriyarka, domin su za a fara tambayarka.